Wayar da ke Bayan Raga

'Yata Tsito tana da shekara biyu da wata huɗu na tafi karatu ƙasar waje. Lokacin da wannan abin ya faru ta cika shida, kuma ta daina yi mini magana.

Ba faɗa muka yi ba. Duk Lahadi nakan kira ta bidiyo. Uwarta ta jingina wayar da gwangwanin madara a kan tebur, ta ce, "Zo ki gaida Babanki." Tsito ta zo ta tsaya, ta ce, "Ina wuni," idonta na wani wuri. Ni kuma in fara. Kin ci abinci? Me aka koya muku a makaranta? Kina jin maganar Mama? Ita kuma ta ce e, ta ce ba komai, ta ce e. Sai ta dubi uwarta, irin kallon nan na ko na gama. Daga baya gaisuwar ma ta ɗauke. Sai dai in hango gefen kunnenta ko jelar kitsonta tana wucewa.

"Kunya ce," in ji uwarta.

"Wace irin kunya ce har wata huɗu?"

"To Dokta, sai ka zo ka cire mata."

Dokta take ce mini in tana son ta tsokane ni, tun ban sami takardar ba.

Na ce, "Saura shekara ɗaya da rabi."

Ta ce, "Bara ma haka ka ce."

Da gaskiyarta. Bincikena kan ruwan rijiyoyi ne, kuma ya cije. Wata takwas ina cikin ɗakin gwaji marar taga, da kwalabe ɗari uku a firji, kowace da lambarta, sakamakon ya ƙi fitowa yadda za a iya rubuta shi. Farfesa yakan duba, ya cire gilashi, ya ce a sake. Wannan duk bai hana ni barci ba. Abin da ke ci mini rai ɗaya ne: in sauka gida da akwati biyu da takarda, yarinyar nan ta karɓe ni kamar baƙon da ya zo gaisuwa, ta kawo mini ruwa ta fita.

Ba son yara ne ya kai ni filin ƙwallon ba. Masu ɗaukar nauyin karatuna sun ce kowane ɗalibi sai ya yi awa arba'in na aikin sa kai. Aka ba mu jeri: jera littattafai a laburare, raba abinci, ko taimaka wa ƙungiyar ƙwallon yara ranar Asabar. Na zaɓi ƙwallo saboda filin tasha biyu ne daga ginin da nake, kuma na taɓa buga lamba huɗu a sakandare.

Mai horar da su mace ce, ta kusa sittin, gajera, mai faɗin kafaɗa. Shekara talatin ta yi tana tuƙa bas a cikin gari kafin ta ajiye aiki, muryar kuma ba ta ajiye ta ba. Yara da iyaye duk Koci suke ce mata. Ta miƙo mini riga mai ƙyalli da takarda shafi huɗu, ta juya tana buga wa ƙwallaye iska. Da ta juyo ta ce, "Ka karanta?"

Na ce, "Na karanta."

Ban karanta ba. Tun da na sauka ƙasar nan nake sa hannu a takardu: ta ɗaki, ta asibiti, ta laburare, har injin wanki sai da na sa masa hannu. Na nemi inda aka ja layi na rattaba.

Yara sha biyu ne, maza da mata, daga shekara biyar zuwa bakwai. Koci ta ce in tara su. Na tsaya a tsakiyar fili na tafa hannu. "Kai, ku yi layi! Kai mai jar riga, ba ka iya gaisuwa ba? Yaya sunanka? Ajinka nawa?"

Suka tsaya suna kallona. Wani mai giɓi ya ɗaga kai har sai da ya ja da baya, ya ce, "Me ya sa kake magana daga can sama?"

Koci ta zo ta ja hannun rigata. "Dogo, sauko." Daga ranar na zama Dogo. "Gwiwa ɗaya a ƙasa. Kuma ka daina yi musu tambayoyi, kai ɗan sanda ne?"

"To me zan ce musu?"

"Ba su aiki. Ka ce wa wannan ya riƙe maka usur, wancan ya ƙirga ƙwallaye. In suna da magana, suna cikin aikin za su faɗa maka, har sai ka gaji."

Ban yarda da ita ba, amma na yi. Na ba mai giɓi jakar robobin nan masu ruwan lemo da ake jerawa a fili. Kafin ya gama jera su na san sunan karensu, na san kakarsa tana cire haƙoranta ta sa a kofi.

Aikina ba shi da yawa. Ƙirga kawuna a farko da ƙarshe. Jera gorunan ruwa. Kwaso ƙwallayen da suka wuce raga. Mafi yawa kuwa ɗaure igiyar takalmi, don duk minti biyar sai wani ya zo ya ɗora mini ƙafa a gwiwa ba ko sallama. Ina ɗaurewa ina kallon tsakiyar kawunansu. A nan na fara lissafin da bai kamata in fara ba. Wannan shekararta shida, kanta ya kawo mini nan. Ashe Tsito ma nan ta kawo. Ƙafar wannan ta cika mini tafin hannu. Ban san ko ta Tsito ta cika ba. Ranar Lahadi na tambayi uwarta lamba nawa take sawa a takalmi.

"Talatin. Me ya faru?"

"Ba komai."

Ranar Asabar na leƙa ƙasan takalman yara uku kafin na sami talatin. Na riƙe shi na ɗan jima, har mai shi ta ce, "Ka gama ko?"

Ita ce golarmu. Da kanta ta zaɓi tsaron raga, don ta lura nan ne kaɗai ba a gudu. Bakinta ba ya hutawa. Rabin wasan bayanta take juya wa fili, ta tsuguna tana kallon tururuwa a gindin ƙarfen raga. Ubanta yakan tsaya a gefe, dogon mutum mai gilashi, hannu a harɗe, ba ya ihu kamar sauran iyaye. Na ji an ce a kantin magani yake aiki. Ba mu taɓa wuce ɗaga kai ba.

Awa arba'in ɗin suka cika a mako na sha huɗu. Koci ta sa mini hannu a takardar. Asabar ta gaba na zo, ta miƙo mini jakar ƙwallaye.

Ranar da abin ya faru ina bayan raga ina tattara ƙwallaye, wayata ta yi ƙara a aljihu. Uwar Tsito ce, kuma ba ta kira ranar Asabar. Na ɗauka da sauri. In ni ina safiya, su can sun yi azahar. Tana tsaye a ɗakinmu, durowa a buɗe a bayanta.

"Baban Tsito, ina ka ajiye katin rigakafinta? Makaranta sun ce a kai Litinin, na birkita ɗakin nan kaf."

"Duba cikin jakar takarduna, baƙar, aljihun ciki."

Ta ajiye wayar a kan gado ta tafi dubawa. A bayana yara suna ta ihu, an kusa cin wani. Sai na ga goshi ya shigo fuskar wayar, sannan idanu biyu.

"Su wane ne suke ihu?"

Wata huɗu ke nan rabon da in ji ta haɗa mini kalma uku. Na ce, "Yara ne, ƙwallo suke yi."

"In gani."

Na juya kyamarar. Ban yi tunanin komai ba. Na ɗaga wayar ta cikin ramukan raga, na bi ƙwallon da ita.

"Waccan me ya sa ta juya baya?"

"Tururuwa take kallo."

Tsito ta yi dariya. Ban san haka dariyarta ta koma ba. Da can ƙara ce kawai, yanzu har da ɗan shaƙewa a ƙarshe, irin ta uwata.

"Baba, ƙwallo na zuwa! Gaya mata! Gaya mata mana!"

Na ce, "Gola, juyo!"

Gola ta juyo don ta ga wa ke damunta, ƙwallon ya bugi gwiwarta ya fita waje. Iyaye suka ɗau tafi. Tsito tana tsalle a kan gado, ina jin uwarta tana cewa za ki karya mini katako. Minti goma sha ɗaya muka yi a haka, daga baya na duba. Ta tambayi sunan mai giɓi. Ta ce robobin nan huluna ne. Ta ce Asabar ma zan nuna mata? Na ce e.

Sai na ji hannu a kafaɗata.

Uban Gola ne. Ya ɗaure fuska tamau. "Me kake ɗauka?"

"Ba ɗauka nake ba. 'Yata ce a waya, tana kallo."

"Wa ya ba ka izinin haska 'yata?"

Wallahi ban gane ba. Na ce, "Yarinya ce fa take kallon 'yan'uwanta yara." Har na miƙa masa wayar ina murmushi. "Ga ta, ku gaisa. Tsito, gaida Baban Gola."

Bai ko dubi wayar ba. Ya ɗaga hannu ya kira Koci. Ta busa usur, wasa ya tsaya, yara sha biyu da iyayensu suka juyo. Ta taho ba sauri. Ta ce, "Kashe." Na kashe a kan fuskar Tsito, bakinta a buɗe, tana shirin gaisuwa.

A ɗakin ajiyar kaya Koci ta zaro irin takardar nan ta buɗe shafi na uku, ta ɗora yatsa. Ba hoto, ba bidiyo, ba kiran bidiyo, matuƙar akwai yaro a fili. Wanda ya karya, an dakatar da shi sai kwamiti ya zauna.

"Ka ce ka karanta."

"Na ce."

"Kwamiti sai nan da mako uku. Cire rigar."

Na cire, na rataye a ƙusa. Na bi ta bayan ɗakin na fita don kada in ratsa ta gaban iyaye.

Washegari Lahadi, ina kira aka ɗauka. Ba uwarta ba ce, Tsito ce da kanta, fuskarta ta cika wayar.

"Ina Gola?"

"Yau Lahadi, ba a wasa."

"To Asabar. Kwana nawa?"

"Shida."

Ta ƙirga a yatsu, ta gamsu, ta miƙa wa uwarta ta tafi. Ban iya gaya mata ba. Uwarta na gaya wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da ka tafi neman digiri na uku, takarda shafi huɗu ta kayar da kai? Oh ni, Dokta."

Sai dariyar ta tsaya. Ta waiwaya ta ga ko yarinyar na kusa, ta rage murya. "Tun jiya ba ta da zance sai wannan. Ta gaya wa Goggonta, ta gaya wa mai gadi. In ka san ba za ka nuna mata ba, kai za ka faɗa mata da bakinka. Na gaji da kwashe abin da kake fasawa daga nesa."

Kwana uku ina jujjuya abin a ɗakin gwaji. Na yi tunanin in tsaya a bayan shinge ta wajen fili in haska daga nesa, ba wanda zai gani. Na yi tunanin in nemo wasan wasu yara a intanet in ce mata su ne. Na san za ta nemi Gola. Ranar Laraba da yamma na je filin, don na san Koci takan zo wanke rigunan atisaye. Na same ta tana shanya su a kan igiya.

Na ce, "Ba roƙo na zo ba. So nake in gane. Me yarinya 'yar shekara shida a wata duniya za ta yi wa 'yarsa?"

"Ba abin da za ta yi. Shi ya sani? Waya ya gani a hannun ƙato, an saita ta a kan 'yarsa." Ta matse riga, ta yarfe. "Kuma a cikin sha biyun nan akwai biyu da uwarsu ta gudo da su. Ba a so a san garin da suke. Ba zan gaya maka su wane ba. Hoto ɗaya ya isa."

Na ɗauki riga daga bokiti na taya ta shanya.

Can ta ce, "Yaushe rabonka da 'yar taka?"

"A ido? Shekara uku da wata takwas."

Ta yi ɗan tsaki, ban san ko da ni take ba. "Ko kwamiti ya mayar da kai, wayar nan a akwati za ta riƙa kwana. Kada ka sa rai." Ta ɗauki bokitin ta zubar da ruwan. "Tsohon da ke zana layi yana zuwa ƙarfe bakwai ranar Asabar. Bayansa na ciwo, ba ya faɗa. Yara sai tara suke zuwa. Daga yara na dakatar da kai, ban dakatar da kai daga ciyawa ba."

Asabar ƙarfe bakwai na tarar da shi yana dama farin fenti a cikin ɗan keken da ake turawa. Tsoho ne siriri, da hular sanyi da ta sha jiki. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mai ɗaukar fim?"

"Ni ne, Baba."

"Riƙe bakin igiyar nan, ka kai ta wancan ƙarfen. Ka ja da kyau, ba shanya za mu yi ba."

Na ja igiya, na kafa. Sannan na ce masa zan kira gida. Ya ce shi ba yaro ba ne, in haska shi son raina, amma ta gefen dama, can ne ya fi kyau.

Ƙara ɗaya Tsito ta ɗauka. An yi mata sabon kitso. Ta ce, "Juya." Na juya kyamarar. Fili fayau, ciyawa jiƙe da raɓa, raga biyu, tsoho ɗaya.

"Ina yaran?"

Na mayar da kyamarar kaina. "Tsito, ba zan iya nuna miki su ba. Akwai doka, ba a haska yara a waya. Ban karanta ba, na yi laifi. An hana ni."

Ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"An dake ka?"

"A'a."

"An sa ka kama kunne?"

Tsoho ya fashe da dariya har da tari. Na ce, "An ce in zauna a gida mako uku."

"To yau ba Gola?"

"Babu."

"Gobe fa?"

"Babu. Ko an mayar da ni, babu."

Na ga fuskar ta rufe, a hankali, kamar yadda na saba gani. Idonta ya koma wani wuri. Ta ce, "Mama, zo ki karɓi wayarki."

Tambayoyin nan suka taso mini har wuya. Kin yi fushi? Kin ci abinci? Na danne su. Na sa gwiwa ɗaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa, na jawo jakar robobin gabana, na zazzage.

"Tsaya. Aiki ya yi mini yawa, hannuna biyu ne. Ga huluna sha biyu, ban san inda zan sa su ba. In yara suka zo ba a jera ba, ni za a kuma yi wa faɗa."

Ina ganin rabin fuskarta da labulen ɗakinmu.

"Ba ka iya ba?"

"Na manta."

Ta ja numfashi irin na wanda aka ɗora wa wahala. "Ɗauki ɗaya. Ba wannan ba, waccan. Kai ta can. Can! Gaba. Baba, gaba na ce."

Ta sa na jera huɗu a da'ira a tsakiyar fili. Biyu a cikin raga, don Gola ta sami wurin zama. Ɗaya a saman ƙarfen raga, sai da na yi tsalle sau uku. Ɗaya a kaina, kuma ba a yarda ta faɗo ba. Haka na yi ta yawo a fili da roba a ka, waya a hannu, wandona jiƙe har gwiwa. Tsoho ya turo kekensa ya wuce ta gabanmu yana barin farin layi a baya.

"Wane ne wannan?"

"Mai zana layi ne. Gaishe shi."

"Kaka, layinka ya karkace."

Tsoho ya tsaya cak. Ya waiwaya ya dubi layin. Ya zo ya leƙa wayar, hancinsa kusan a jikinta. "Shekara ashirin ina jan layin nan, 'yar nan, ba wanda ya taɓa gaya mini haka."

"Ai ya karkace. Daga wajen can."

Ya koma ya tsuguna da ƙyar, ya rufe ido ɗaya. Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Ubanki ne bai ja igiya da kyau ba."

"Baba, ja da kyau mana!"

Ƙarfe tara saura kwata motar farko ta shigo wurin ajiye motoci. Na sauke robar daga kaina. Na ce, "Tsito, an fara zuwa. Zan kashe, in tafi."

"Gola ce?"

"Ban sani ba. Zan tafi kafin ta fito."

"Ashe kai ma ba za ka kalla ba."

"Ba zan kalla ba."

Ta yi ɗan tunani. "To ka bar mata hulunan cikin ragar. Kar ka kwashe."

Na bar su. Na ji daga baya Koci ta tsaya tana kallon filin, ta tambayi tsoho wane mahaukaci ne ya jera wannan, sannan ta ce a bar su haka.

Kwamiti ya zauna a wani ɗakin aji, mutum huɗu a kan kujerun yara. Suka sa na karanta shafi na uku da ƙarfi. Suka mayar da ni, da sharaɗin wayata ta shiga akwatin ƙarfe a ɗakin kaya daga tara saura kwata har a tashi. Uban Gola yana cikinsu. A bakin ƙofa ya tsaya yana goge gilashi.

"Shekararta nawa?"

"Shida."

Ya ce, "Hm." Ya mayar da gilashin, ya wuce. Iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan.

Daga nan Asabar ta rabu biyu. Bakwai zuwa tara saura kwata ta Tsito ce, da tsoho da igiya. Tara zuwa sha ɗaya ta yara. Lahadi kuma in ba ta labarin wasan da baki: wa ya ci, wa ya yi kuka, tururuwa nawa Gola ta ƙirga. Ba kullum take zuwa ba. Wata Asabar uwarta ta ce tana gidan Goggonta, ta ƙi dawowa. Wata Lahadin ta saurara minti biyu ta ce ta gaji. Na koyi in ce to. A ɗakin gwaji na daina jiran kwalabe ɗari uku su yi magana lokaci ɗaya. Na ware rijiyoyi arba'in na fara da su, babi na farko ya fito. Farfesa ya cire gilashi, ya mayar, ya ce in ci gaba.

Wata Asabar aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Koci ta aiko saƙo cewa an rufe fili. Ƙarfe bakwai na zauna a bakin gado, ɗakina mai taga ɗaya, na kira don in ba da haƙuri.

Tsito ta ce, "Ba komai. Yau ni zan nuna maka."

Ta ɗauki wayar ta fita da ita, ina ganin silin yana gudu, sai ƙofa, sai baranda. Ta ajiye ni a ƙasa, ta jingina ni da bango. Daga nan ba na ganin komai sai siminti, da ƙafar kujera, da gwangwanaye uku da ta jera. Sai ƙafafunta suka shigo, ba takalmi, da wani ƙwallon roba shuɗi da ya fara sacewa.

"Kai ne gola. Ka tsaya nan, kar ka motsa."

"To."

Ta ja da baya. Ta buga, ya wuce ta hagu. Ta bi shi, ta dawo. Ta buga, ya bugi ƙafar kujera. A idon sawunta na hagu akwai tabo, fari, tsawon ɗan yatsa. Ban san shi ba. Ina kallonsa yana shiga yana fita. Bugu na biyar ƙwallon ya taho kaina sak, ya cika fuskar wayar, na ji ƙarar faɗuwa. Sai rufin baranda, da wata tsohuwar sheƙar zanzaro a kusurwa.

"Ya kama! Baba ya kama!"

Daga can waje wata yarinya ta ƙwala mata kira. Na ji ƙafafu sun yi ƙofa da gudu, na ji ƙofar ta bugu. Shi ke nan.

Na zauna. Ruwa na dukan tagata. A wayar ina jin rediyon maƙwabta, da famfo yana zuba a bokiti, da wani mai talla yana wucewa. Shayina ya huce. Minti ashirin da wani abu, sai inuwa ta rufe rufin, fuskar uwarta ta leƙo daga sama, hannunta duk kumfa.

"Innalillahi. Har yanzu kana nan?"

"An ce kar in motsa."

Ta ɗauke ni tana dariya, ta goge wayar da gefen zani. Ta zauna a kujerar.

Na ce, "Tabon ƙafarta fa?"

"Wanne? Oh. Bara ne, ƙofar banɗaki. Ɗinki uku. Ai na gaya maka."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na gaya maka, Baban Tsito. Kana rubutu, ka ce Allah ya sawwaƙe."

Ta dubi wani abu a gefe, ta ce wankinta na jira, batirin ma ya kusa mutuwa, bari ta kashe.

Daga bayan katanga muryar Tsito ta taso, tana haki.

"Mama, kar ki kashe! Ba a tashi ba, hutun rabin lokaci ne!"

Uwarta ta dube ni. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta dawo da caja da doguwar waya, ta jona. Ta sunkuya ta jingina ni da bango daidai inda nake, ta gyara gwangwanin da ya faɗi, ta koma wajen wankinta.